Tsautsayi ko Sakaci? Haɗarin Jirgin Alhazai na 1991 da Alhakin Masu Gyaran Jirgin Sama



Na tabbata akwai waɗanda suka ga sanarwar wannan lacca suka ce a ransu, me ya haɗa malamin Hausa da gyaran jirgin sama? Ba su yi laifi ba. Ban taɓa riƙe sifana a ƙarƙashin fiffiken jirgi ba, ba kuwa zan tsaya a gabanku in yi da'awar fannin da ba nawa ba. Sana'ata kalmomi ce. To, amma akwai wata kalma tamu da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, watau tsautsayi, kuma ban sami inda zan auna nauyinta sosai ba kamar a tarihin wani jirgin alhazai da ya faɗi a Jidda ran 11 ga Yuli, 1991, da mutum 261 a cikinsa, ba wanda ya fita.

A lokacin ina ɗan firamare a Karaye. Damina ta zauna, watan Zulhajji na 1411 yana gab da ƙarewa, alhazai suna ta dawowa jirgi bayan jirgi. Mu yara ba abin da ke ranmu sai dabino da zamzam da ɗan madubin nan da ake leƙawa a ga hotunan Makka. Sai ga labari a rediyo cewa jirgin alhazan Nijeriya ya faɗi. Duk gidan da alhajinsa bai iso ba, daga Karaye har Rogo da ƙauyukan da ke tsakani, aka rasa mai iya kai loma baki. Sai da aka tabbatar Sakkwato jirgin ya nufa sa'an nan hankalin mutanenmu ya kwanta, irin kwanciyar hankalin da mutum ke jin kunyarta, don ya san kukan da ya kauce wa gidansa a gidan wani ya sauka. Dattawa a ƙofar masallaci suka yi salati, suka yi wa mamatan addu'a, suka ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Magana ta ƙare a nan. Ni ma ban sake waiwayarta ba sai bayan shekaru masu yawa, ina karatu a ƙasar waje, na ci karo da sakamakon binciken da hukumomin Saudiyya suka yi tare da na Kanada.

Kafin mu isa Jidda, ya kamata mu tuna yadda amanar matafiyi ta yi ta sauya hannu. Kakanninmu da suka tafi Makka a ƙasa, ta Barno da Wadai da Darfur har bakin Bahar Maliya, sukan share shekaru a hanya, waɗansu ma suka zaune a Sudan, zuriyarsu na can har yau. Wahalar ba ta misaltuwa, amma mutum shi ke duba kofaton jakinsa da idonsa. Da mota ta zo sai amanar ta koma hannun direba da makanike, duk da haka ba ta ɓace wa ido ba. Wanda duk ya taɓa shiga babbar mota a tashar Rogo, an yi mata lodin rake ko masara, ya ga yadda yaron mota ke zagayawa da guntun ƙarfe, yana ƙwanƙwasa tayoyi ɗaya bayan ɗaya yana kasa kunne. Ba wasa yake yi ba. Tayoyin baya bibbiyu suke a jere. In ɗaya ta sace, 'yar'uwarta ke ɗauke nauyin, sai ido ya ga duka biyun tsaye lafiya lau. Amon ƙarfen nan kaɗai ke tona asiri. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa. In kuwa yaron ya yi ha'inci, fasinja na da bakin cewa, "Direba, a duba tayar nan," yana kuma da ikon sauka ya jira wata motar.

Jirgin sama ya fara sauka Kano cikin Nuwamba, 1925. Daga shekarun 1950 alhazai suka fara hawansa, kafin 1977 ta ƙare adadin alhazan Nijeriya a shekara guda ya haura dubu ɗari. Tafiyar shekaru ta koma ta 'yan sa'o'i, alhamdu lillahi. Sai dai alhaji ya biya wani farashin da ba a rubuta a tikiti ba: ya rasa ikon dubawa. Ba ya ganin taya, ba ya jin amon ƙarfe, ba shi da damar sauka. Abin da ya rage tsakaninsa da halaka, bayan kiyayewar Allah, shi ne sa hannun wani mutum da bai taɓa gani ba, a kan wata takarda da ba zai taɓa karantawa ba, cewa jirgin nan ya cancanci tashi. Da yake kuma kamfanin Nigeria Airways ba shi da isassun jiragen da za su kwashe dubban mutane cikin 'yan makonni, sai ya riƙa ɗauko shatar jiragen waje. Jirgin da ya ƙone a filin jirgin saman Kano ran 22 ga Janairu, 1973, ya ci mutum 176, na kamfanin Alia na ƙasar Jodan ne, shata aka ɗauko. Wancan wajen sauka ya gamu da ajalinsa, ba shi ne batunmu ba.

Na 1991 shi ma shata ne. Jirgi ne samfurin DC-8, ƙirar 1968, na wani kamfanin Kanada mai suna Nationair. Nigeria Airways ya hayo shi tare da matuƙansa da makanikansa, ya kuma miƙa aikin jigilar ga wani kamfanin dabam. Watau amana ɗaya ta ratsa hannu uku, kowane hannu kuwa agogo yake kallo, don an riga an makara a kwasar alhazai.

Irin wannan jirgi tayoyi goma gare shi, biyu a gaba, huɗu-huɗu a ƙarƙashin kowane fiffike, su ma bibbiyu a jere kamar na motar Rogo. Ba a hura su da iskar da mai faci ke hurawa. Wata iska ake sa musu, naitirojin, wadda ba ta ciyar da wuta, domin in birki ya ɗauki zafi, taya mai iskar gari tana iya fashewa kamar nakiya. Haka ta faru ga wani jirgin ƙasar Meziko a 1986, mutum 167 suka rasu. Kowace taya tana da gejin da in iskarta ta gaza shi, doka ta hana jirgi tashi.

Ran 7 ga Yuli, kwana huɗu kafin haɗarin, aka auna tayoyin, aka tarar biyu daga cikinsu, ta 2 da ta 4, sun gaza geji. Wanda ya auna ya rubuta abin da ya gani. Daga baya aka bi ta kan alƙaluman da biro, aka mai da su yadda doka take so. Da jirgin ya je Akra, babban birnin Gana, wadda fatakenmu ke ce wa Ankara, makanikai suka yi shirin sauya waɗansu tayoyi. Sai ga saƙo a rubuce daga manajan jigila, wakilin kamfanin da ke kula da jadawali, cewa an makara, a dawo da jirgi Jidda maza-maza, kada a tsaya sauya taya. Aka mai da kayan aiki.

Da safiyar 11 ga wata, fasinja 247 sun riga sun shiga, shugaban makanikai ya nemi naitirojin don a ƙara wa tayoyin. Ba a same ta a kusa ba, samunta sai an jira. Manajan jigila bai yarda a jira ba. Injiniyan da ke cikin matuƙa, wanda ba da shi aka yi aikin gyaran ba, shi ya sa hannu cewa jirgi lafiya yake. Masu bincike ba su sami shaidar cewa an gaya wa kyaftin halin da tayoyinsa ke ciki ba.

Filin jirgin saman Sarki Abdul'aziz faffaɗa ne ƙwarai, jirgi yakan yi tafiyar kilomitoci a ƙasa kafin ya kai titin tashi, ga lodi ya cika, ga zafin Jidda. Taya ta 2 ta yi sanyi, saboda haka abokiyar zamanta, ta 1, mai cikakkiyar iska, ita ta ɗauki nauyin biyu, tana lanƙwasa tana ɗaukar zafi. Jirgi na fara gudu, misalin ƙarfe takwas da rabi saura kaɗan, sai ta 1 ta fashe. Ku lura, jama'a, lafiyayyar ce ta fara mutuwa. Nan take ta 2 ta bi ta, ƙafar ta daina juyawa, ƙarfe ya riƙa gurzar kwalta har wuta ta kama. Matuƙa sun ji ƙara, har ɗayansu ya ambaci ko taya ce ta fashe, amma an horar da su cewa jirgi na iya tashi da fasasshiyar taya, kuma wannan jirgi ba shi da na'urar da ke sanar da wuta a ramin tayoyi. Suka tashi, suka naɗe ƙafafun jirgin kamar yadda aka saba. Watau suka ɗauki wuta da hannunsu suka sa ta a cikin cikin jirgi, daidai inda wayoyin lantarki da bututun man sarrafa fikafikai suka ratsa, kusa da tankin mai, ƙarƙashin kujerun alhazai.

Abin da ya biyo baya bai fi minti goma ba. Na'urori suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Aka kuma sami ruɗani da hasumiyar filin: an kira jirgin da sunan Nationair maimakon lambar Nijeriya da aka san shi da ita, jami'in hasumiya ya ɗauka da wani jirgin Saudiyya yake magana, har aka ɓata waɗansu mintoci. Kyaftin ya juyo da jirgi. Wuta ta cinye daɓen da kujeru ke kai, da aka sauke ƙafafu don sauka sai mutane suka fara zubowa daga sama, tun jirgin yana da wajen kilomita 18 kafin fili. Ya faɗi saura ƙasa da kilomita uku ya kai titi. Allah ya jiƙansu, ya karɓi aikin hajjinsu. Cikin mamatan har da shugaban makanikan da manajan jigilar, su ma a jirgin suke.

To, yanzu bari malamin Hausa ya koma gonarsa. Harshenmu bai yi talaucin kalmomi a wannan fage ba. Muna da kuskure, watau mutum ya nufi daidai ya sami akasi. Muna da sakaci, ya san abin da ya kamata ya yi sake. Muna da ganganci, ya ga rami ya ce zai tsallake. Muna da ha'inci, ya ɓata aiki ya rufe. Kowace da nauyinta, kowace da hukuncinta a wurin dattawa. Amma da zarar rai ya salwanta, sai mu tattara su duka mu zuba a buhu guda mu ɗaure bakinsa, mu rubuta tsautsayi. Ba ina jayayya da ƙaddara ba ne, Allah ya tsare. Abin da nake cewa shi ne, imani da ƙaddara bai taɓa hana alƙali tambayar wanda ya bar rijiya a buɗe ba, kuma hadisin ɗaure raƙumi kafin tawakkali ba baƙo ba ne ga kowa a zauren nan.

Ga misalin kuskure tsantsa, don mu ga bambanci. Ran 10 ga Yuni, 1990, wani jirgin British Airways ya tashi daga Bamingam a Ingila, yana cikin hawa sai gilashin gaban matuƙi ya ɓalle, iska ta fizgi kyaftin har rabin jikinsa ya fita waje, ma'aikata suka riƙe ƙafafunsa har mataimakinsa ya sauke jirgin, ba wanda ya mutu. Da aka bincika sai aka tarar wani ƙwararren makanike ne ya sauya gilashin cikin dare, ya gwada kusoshi da ido a wuri mai ƙarancin haske, 84 daga cikin 90 suka kasance sun fi ƙa'ida siranta da abin da bai kai kaurin farce biyu ba. Bai ɓoye kome ba, shi da kansa ya nuna wa masu bincike yadda ya yi. Wannan mutum ya nufi daidai.

Na Jidda fa? Sacewar iska a taya ba laifin kowa ba ne, kowace taya tana yi. Rashin tanadin naitirojin sakaci ne. Sauya alƙaluma ha'inci ne, ba shi da wani suna. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne rabon da aka yi wa sani da iko. Makanike ya san taya ta gaza, amma maganarsa ba ta tsai da jirgi ba. Manaja maganarsa tana tsai da jirgi ko ta tashe shi, amma binciken ya nuna ba shi da horon da zai gane abin da yake yanke hukunci a kai. Kyaftin, wanda doka ta ba ikon ƙarshe, an bar shi cikin duhu. Kada kuma mu yi saurin mai da manajan nan dodo. Mutumin da ya san wuta za ta tashi ba ya shiga jirgin ya ɗaura ɗamara. Bai yarda akwai haɗari ba, ya ɗauka taya ce kurum, jirgin kuwa ya yi sawu da yawa a haka lafiya. Kowane sawun da aka yi aka tsira sai ya zama hujjar yin na gaba. Wanda ya ɗora wa marar sani wannan iko, ya kuma ɗora masa tsoron asarar kwangila, yana zaune a ofis a Kanada, bai shiga jirgin ba.

Malamanmu na Malikiyya sun daɗe da tunani a kan irin wannan. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ba zauren karatun da ba a biya ta a Karaye da Rogo, an ɗora wa masu sana'a lamunin kayan da suka karɓa suka keɓe da su, saɓanin mai ajiya na gari wanda ba ya biya sai in ya yi sakaci. Hikimar ita ce mutane ba su da makawa sai sun kai wa maɗinki da maƙeri kayansu, ba su kuma ganin abin da ake yi a bayan idonsu. Wane mai sana'a ne ya fi makaniken jirgi keɓewa da amanar mutane? Sa'an nan a babin kisan kuskure, ba a bar diyya a wuyan mai kuskuren shi kaɗai ba, an raba ta ga aƙila, watau danginsa na wajen uba. A tawa fahimta, aƙilar makanike a yau ita ce kamfanin da ya ɗauke shi, ya horar da shi ko ya ƙi, ya ba shi kayan aiki ko ya hana, ya tsara masa lokacin barci. Wannan ra'ayi ne, ba fatawa ba. Ga masu fiƙihu nan zaune, su gyara mini.

Dokar jiragen sama ta duniya, wadda ta samo tushe daga yarjejeniyar Shikago ta 1944, ta ce manufar binciken haɗari ita ce hana aukuwar wani, ba ɗora laifi ba. Da na fara karanta wannan sai na ji kamar an buɗe wa masu laifi ƙofa. Daga baya na gane. In kowane kuskure kurkuku ne sakamakonsa, ba makaniken da zai ce na yi, sai kowa ya koyi gyaran takarda maimakon gyaran jirgi. Sai dai wannan rangwame na mai kuskure ne, ba na mai ha'inci ba, kuma bai ɗauke wa shugabanni kome ba. A Japan, ran 12 ga Agusta, 1985, jirgi ya faɗi da mutum 524, huɗu kaɗai suka rayu, saboda wani faci da ma'aikatan Boeing suka yi wa bangon bayan jirgin tun 1978, inda layin kusoshi ɗaya ya ɗauki nauyin da aka tsara wa biyu. Boeing ya amsa kuskurensa, shugaban kamfanin Japan Airlines ya ajiye aiki, a 2006 kuma kamfanin ya buɗe wani zaure a Tokiyo ya baje tarkacen jirgin don ma'aikatansa su riƙa gani. Shi kuwa Nationair ya karye a 1993, bashi ya yi masa katutu. Daga baya mai shi ya amsa laifin zamba a kotu, a kan harkokin kuɗin kamfanin, ba a kan tayoyin Jidda ba. A wannan shekara ta 1993 wani jami'in hukumar sufuri ta Kanada, Gordon Dupont, ya tsara jerin abubuwa goma sha biyu da ke jefa makanike cikin kuskure, irin su gajiya, matsin lokaci, rashin kayan aiki, da kasa tsayawa a kan gaskiya a gaban na sama. Har yau ana koyar da su a makarantun gyaran jirage.

Mu a nan gida, ran 4 ga Mayu, 2002, jirgin kamfanin EAS ya faɗa kan gidaje a unguwar Gwammaja, mutum fiye da ɗari suka rasu, na cikin jirgi da na ƙasa. Gwamnati ta dakatar da irin wannan samfuri, ta kuma sa iyakar shekara 22 ga jiragen da za a shigo da su. Ban ce matakin banza ne ba. Amma tsufan jirgi abu ne mai sauƙin zargi, don jirgi ba shi da dangi kuma ba ya ɗaukar lauya. Jirgin Jidda shekararsa 23, ba kuwa tsufa ya kashe shi ba. Da sabo ne fil, aka tashe shi da tayoyin nan, aka naɗe wuta a cikinsa, da wuya labarin ya sauya.

Abubuwa sun canza tun daga lokacin. Nigeria Airways ya daina tashi a 2003. An kafa Hukumar Alhazai ta Ƙasa a 2006, aka kuma ba ofishin binciken haɗarin jirage 'yancin kansa, wanda a 2022 aka faɗaɗa shi ya haɗa da jiragen ƙasa da na ruwa. Kwalejin koyon aikin jiragen sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, tana yaye makanikai 'ya'yanmu, daga Rogo kuwa Zariya ba nisa. Amma rahotannin bincike da Turanci ake buga su, Turancin ma na injiniyoyi. Manomin da ya sayar da shanun huɗa da amfanin gona na shekaru ya biya kujerar Makka, shi ne ya fi kowa haƙƙin sanin abin da ya kashe ɗan'uwansa, shi ne kuma na ƙarshe da ake gaya wa. A nan alhakin ya zagayo kan sashenmu. Mun fassara wasannin kwaikwayo na Turawa, mun yi ƙamus na kalmomin kimiyya, me zai hana mu zauna da injiniyoyin Zariya mu mai da waɗannan rahotanni Hausa, a karanta su a rediyo, a kuma karanta a wurin bitar alhazai ta kowace ƙaramar hukuma? Ni na fara gwadawa da na Jidda, na kuwa sha wuya, don kalma guda ta Turanci takan tilasta mini zaɓi tsakanin sakaci da ganganci, zaɓin da marubutan rahoton suka kauce wa.

Shafin da ya fi ba ni wuya shi ne na takardar auna tayoyi. Masu bincike sun sa gwanayen tantance rubutu sun duba ta, sai ga alƙaluman farko, waɗanda aka rubuta ran 7 ga Yuli, sun bayyana a ƙarƙashin na biyu.

Shugaba, a nan zan dakata, in saurari tambayoyi da gyare-gyare.